Ganyen Gawo a Kan Tsohon Ƙyaure

Jibiya, farkon damina

Zuwa ga ɗiyata Amatullahi, ɗiyar ƙanena Yusha'u, a Maraɗi.

Ubanki bai taɓa amsa mini maganata ba. Malam Zubair da ke riƙe da alƙalami ya ce ba a fara wasiƙa haka, sai an yi sallama. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, sallama ta biyo baya, ai ba guduwa za ta yi ba. To, assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke yi mini tsiya in hadari ya taso. Matata Hajo tana gaishe ki, ta ce dabinon da kuka aiko ya yi daɗi. Yaya idon ubanki?

Ke ba ki san ni sosai ba. A Arlit aka haife ki, can kika girma, ganinmu da ke bai wuce na zaman makokin Inna ba, kina goye a bayan uwarki. Saboda haka bari in faɗa miki. Muna samari a Gangara, shekarar da Baba ya rasu, gero ya kai gwiwa, muna tsakiyar noma, sai aka ce wata babbar mota a Jibiya tana neman yaron mota. Yusha'u ya jingine hauyarsa a gindin gawon gonarmu, ya ce zai dawo, har ya sa lokaci da bakinsa. Ba zan faɗa miki lokacin ba, ba ke kika sa shi ba. Tun daga ranar ya ratsa Jibiya da mota ba adadi. Ya zo jana'iza, ya zo suna, mu gaisa a tasha kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a kasuwa. Ya aiko sukari, ya aiko taliya. Gonar dai bai sake taka ta ba, maganar kuma bai sake ɗaga ta ba. Kada ki ce mini in kira shi a waya. Abin da aka faɗa a waya iska ke kwashe shi. Kada kuma ki ce in zo Maraɗi. Ni ban tafi ko'ina ba, wanda ya tafi shi ke dawowa.

Ga abin da ya sa na tashi Malam Zubair daga kan tabarmarsa. Kin ji ana aikin layin dogo da zai ratsa Jibiya ya shiga garinku. Tun muna yara ake cewa jirgi zai zo. Sau ɗaya muka taɓa ganinsa, a Funtuwa, da Baba ya kai mu ziyara. Ubanki ya kwanta ya ɗora kunne a kan ƙarfen, ya ce yana jin jirgi tun bai baro Zariya ba. Ni na gaji da jira, na ƙera nawa. Dama sana'ata ke nan, gwangwani da dalma. Da zaman Gangara ya gagara muka dawo cikin gari, abin da na ɗauko daga gidanmu ƙyauren zaure ne da buhun ƙasar gona. Na kwantar da ƙyauren a kan bulo cikin zaurena, na baza ƙasar, na shimfiɗa layi da wayar ƙafar keke, na jera tsinken ashana a ƙarƙashi. Kan jirgin gwangwanin madara ne, taragu na kifi. Jibiya tana wannan gefe, Maraɗi tana wancan, Gangara a tsakiya da tasharta. Malam Zubair ya ce Gangara ba a tsakiya take ba, kuma ba wanda ya ce za a yi tasha a can. Na ce in ya samu ƙyauren ubansa ya sa tasha inda ya ga dama.

Itatuwa da shuka su suka gagare ni. Rassa na waya ne, ganye na soson katifa da nake murzawa a rariya, gero kuma zaren buhu ne da nake warewa. Launi ne ya ƙi. Na kwaɓa garin kuka da ƙaro na shafa, ranar farko sai ki rantse jiya aka yi ruwa. Ba a jima ba ya koma kalar tsohuwar tabarma, ga ɓeraye sun samu wurin kiwo, ga Hajo tana bi na da muciya tana neman kukar miyarta. Na gwada lalle, duk dajin ya yi ja kamar tafin amarya.

Arzika direba ya ce mini garin rini kike sayarwa a babbar kasuwa. Ki aiko mini kore, amma ki sani kore ba ɗaya ba ne. Na gero daban, na bedi, wato darbejiya, daban, na tsamiya daban. Damina nake so a kan ƙyauren nan, wadda ba ta koɗewa.

Ki karanta wa ubanki wannan duka, har da farkon.

Ni ne babanki,
Lado

*

Maraɗi

Zuwa ga Baba Lado, tare da girmamawa.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun Arzika, na yi murna ƙwarai. Muna lafiya, yara na zuwa lakwal, makarantar boko, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. A gaida Inna Hajo, a ce mata ta ɓoye kukarta a sama.

Idon Baba kuwa, yanar ido ce ta rufe shi. Likita ya duba, ya ce za a iya aiki, shi kuma ya ce a ƙyale shi tukuna. Haske da duhu yake rarrabewa, sai inuwar mutum in ya matso. Wuni yake a ƙofar gida yana sauraren manyan motoci, kowace ta wuce ya faɗi irinta da abin da ke damun injinta.

Na karanta mishi takardarka duka kamar yadda ka ce. Wurin Funtuwa ya yi dariya har da tari, ya ce ƙarya kake, ba Zariya ya ce ba, Kaduna ya ce. Da na koma farkon na sake karantawa, sai ya ce in gaishe ka.

Ga rini nan na ƙulla a leda: kore, rawaya, da shuɗi. Kada ka shafa shi a sama kamar fenti. Ka tafasa ruwa, ka sa gishiri, ka zuba garin, ka tsoma soson da zaren su sha, sannan ka shanya a inuwa, rana tana cinye shi. In ka ƙara wa kore rawaya zai ba ka na gero sabon tsiro. In ka ƙara mishi shuɗi zai yi duhu kamar bedi. Tsamiya kuwa sai dai ka yi ta gwadawa, ni atamfa na sani.

Ban taɓa jin wanda ya yi damina a kan ƙofa ba. In ka gama, ka sa Arzika ya ɗauko mini hoto a wayarsa.

Ɗiyarka,
Amatullahi

*

Jibiya, tsakiyar damina

Ɗiyata Amatullahi,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya zauna bana, Allah ya sa a gama lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya sa yaranki su yi miki abin da ya fi haka. Ki faɗa wa ubanki Zariya ya ce, ina tsaye a kansa.

Rininki ya kama. Na ɓata tukunyar Hajo guda, yatsuna kuma sun yi kore har liman ya tambaye ni ko lafiya. Bedi ya fito da duhunsa a bakin titin Jibiya. Tsamiya ta ba ni wahala sai da na gane ba launi ɗaya ke gare ta ba: cikinta duhu, bakin rassanta haske, don haka na yi rini biyu na ɗora ɗaya bisa ɗaya. Aduwa na sa mata toka kaɗan, ita dama kullum kamar ba ta yi wanka ba. Itacen kuka ma na kafa shi a gefen gona da ganyensa. Geron nan kuwa, ɗiyata, da kin gan shi. Na dasa shi zare-zare da tsinke, kunya bayan kunya, ya kai gwiwar mutumin da na yi da dalma.

Bayan la'asar rana tana shigowa ta ƙofar zaure ta kwanta a kan ƙyauren. Sai in jawo kujera in sa haɓata daidai da ƙasar. In na daɗe a haka, zauren yakan tafi. In ga ni ƙarami ina tafiya cikin kunya, raɓa tana jiƙa mini wando. In ji ƙanshin ƙasa. Inna tana tahowa daga wajen rijiya da ƙwaryar fura a ka, ba ta sauri, ba ta kuma isowa. Can wajen Maraɗi wani abu yana motsi a kan layi, ƙarfe yana ɗan kaɗawa, tsuntsaye su tashi daga tsamiya. Ban taɓa ganin ya ƙaraso ba, kullum sai Hajo ta ce in ɗauke ƙafa za ta wuce da ruwa.

Malam Zubair ya ce in rage wannan, za ki ce na fara taɓuwa. Shi da ke magana da akuyarsa.

Arzika ya ɗauki hoton. Ki duba tsakiya, kusa da tasha, za ki ga babban itace tsaye ba ganye ko ɗaya, da 'yar hauya a jingine. Gawon gonarmu ke nan. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma rini ne ya ƙare ba. Haka na bar shi, haka kuma zai zauna. Ki faɗa wa ubanki yadda kika gan shi, shi ya san abin da nake nufi.

Babanki,
Lado

*

Maraɗi

Baba Lado,

Bayan gaisuwa. Muna nan lafiya, sai Baba da zazzaɓi ya kwantar kwanakin baya, ya tashi amma ya rame.

Na ga hoto. Na daɗe ina kallonsa a rumfa, har maƙwabtana suka taru a kaina. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ka gafarce ni, Baba, zan faɗi abin da ke raina ko da ya fi ƙarfin bakina.

Komai ka ba shi rai a kan ƙofar nan. Ka ba tsamiya launi biyu, ka tuna da aduwa, har ciyawar bakin layi ka yi. Itace ɗaya ne ka bari a bushe kamar wanda tsawa ta faɗa wa, shi ne wanda ubana ya tsaya a gindinsa, ka kuma jingine hauyarsa a jiki don kada a yi kuskure. Sannan ka ce haka zai zauna. Ni abin da na karanta a nan shi ne ka riga ka binne shi a zuciyarka, kana so in kai mishi labari. Da rinina kuma ka yi.

Ban faɗa mishi ba. Ya tambaye ni ko hoto ya zo, na ce wayar Arzika ta lalace. Mutumin da bai ganin tafin hannunsa, ba ni ce zan zauna in zana mishi mataccen itace da sunansa ba. Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, ban kuma ce yana da gaskiya ba. Amma ya tsufa, kai ma ka tsufa.

Ga wani ƙullin kore nan na ƙara, ba ka roƙa ba. In ka sa wa itacen nan ganye, ka aiko hoto, ni da kaina zan kwatanta mishi reshe-reshe. In ba za ka sa ba, ka bar ni da gaisuwa kawai, ita ba ta ciwo.

Ɗiyarka,
Amatullahi

*

Jibiya, bazara, bayan an buɗe iyaka

Amatullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ina fatan zazzaɓin ubanki bai dawo ba. Tun da aka rufe iyaka ba mu ji ɗuriyarku ba sai a bakin 'yan babur, su kuwa kowa suka gani sai su ce yana lafiya. Motar Arzika ta yi ta zama a layi har kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinta. Mu mun ga kaka, mun ga sanyi, ga zafi ya shigo. Hajo ta yi tari ta warke.

Takardarki ita ce ta ƙarshe da ta tsallako kafin a rufe. Kin ga ke nan na zauna da ita watanni ba hanyar amsa. Da fari na sa Malam Zubair ya rubuta miki wata mai zafi. Ya rubuta, ya ba Hajo ajiya, ita kuma ta hura wuta da ita. Sun ce kuskure ne. Na san su.

Yanzu na huce, ki saurara. Ba laifinki ba ne, inda kika girma ba gero ba gawo. Gawo ba ya tafiya tare da sauran itatuwa. In ruwa ya sauka kowa ya yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, rana ta ratsa ta sauka kan shuka. Don haka geron gindinsa ya fi na ko'ina. In aka yi girbi, ƙasa ta bushe, kowa ya kaɗe, sannan shi yake sa riga. Itacen da kika gani ba matacce ba ne. Lafiyarsa lau, damina ce kawai.

Ga maganar da na ce ba zan faɗa miki ba. Ranar da ubanki ya jingine hauya, ya ɗaga kai ya dubi rassan nan, ya ce, "Yaya, da gawo ya sa ganye za ka gan ni." Na ce to. Na ƙarasa noman ni kaɗai, na yi girbi, gawo ya sa ganye, na zauna a inuwarsa ina duban hanya. Ya zubar, ya sake sawa. Tun ina lissafi har na bari.

To da na zo yin gonar a kan ƙyaure, na tsaya da soso a hannu a kan itacen nan, na kasa. In na sa mishi ganye, lokaci ya yi ke nan, Yusha'u ya saɓa. In na bar shi haka, gero yana gwiwa, hauya tana jingine, jiya-jiya ya tafi, bai makara ba. Cikin duniyar nan duka wuri ɗaya ne ƙanena bai yi mini ƙarya ba, shi ne kan ƙyauren nan. Shi ya sa nake neman koren da ba ya koɗewa. Ke kika ce na binne shi.

Ƙullin da kika ƙara yana nan a rataye, ban kwance ba. Kuma ko ganyen zan sa, wannan koren ya yi tsanani, na gawo yana da toka-toka da ɗan shuɗi, kamar an dube shi ta cikin hayaƙi.

Ki daina cewa wayar Arzika ta lalace. Ki zauna ki faɗa mishi abin da ke kan ƙyauren, kada ki rage komai.

Babanki,
Lado

*

Maraɗi, bazara

Baba Lado,

Wa alaikumus salam. Wallahi da na ga Arzika a bakin rumfa sai da na miƙe tsaye don murna. Muna lafiya, Baba ya samu sauƙi, yana cin abinci. A gaida Inna Hajo, a ce na gode da wutar da ta hura.

Ka yafe mini. Nan Maraɗi gawo ko'ina, ina wuce shi kullum, awakina ma 'ya'yansa suke ci, amma ban taɓa ɗaga kai na duba yaushe yake da ganye ba.

Na yi yadda ka ce. Da hantsi na shimfiɗa tabarma kusa da shi, na karɓi wayar Arzika, na fara daga gefen Jibiya. Na faɗa mishi bedi, na faɗa mishi layi da tsinken ashana. Ya ce, "Rijiya fa, gabas ya sa ta ko yamma?" Na ce ga ta nan dama da tasha. Ya ce, "To ya yi daidai." Ya tambayi tsayin gero, na ce gwiwa. Daga nan bai sake tambaya ba, ni ce na ce akwai babban itace a tsakiya. Ya ce, "Da ganye ko babu?" Na ce babu, ga kuma hauya a jingine. Ban kai ga karanta mishi bayaninka ba, bai buƙace shi ba.

Ya daɗe yana shafa gemu. Wata kamyo, babbar mota, ta wuce, bai faɗi irinta ba. Can ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce, "Yaya ya riƙe mini damina." Ya sake faɗa a hankali. Ya miƙe ƙafa ya jingina da bango, ya ce, "Ashe da sauran lokaci." Nan barci ya ɗauke shi, da rana tsaka, har azahar sai da aka tashe shi.

Tun ranar ya sake. Yakan ce in sake kwatanta mishi gonar, ya gyara mini inda kukar take, ya ba yara labarin Funtuwa. Na ce, "Baba, mota na zuwa Jibiya kullum, in shirya mu je?" Ya ce, "Ina saurin yake? Gero bai ko fid da kai ba." Na ce to me zan rubuta wa Baba Lado. Ya ce in gaishe ka da kyau.

Ban san ko wannan zai yi maka daɗi ba. Ni dai na ga ubana ya yi barci mai daɗi, na gode maka.

Ɗiyarka,
Amatullahi

*

Jibiya, ƙarshen bazara

Ɗiyata,

Sallama. Muna lafiya. Na yafe miki, dama ban riƙe ki ba. Na ji ya yi barci. Ashe matashin kai na ƙera mishi, ni ina nan ina tsammanin gona ce.

Daga nan ba da ke nake ba. Ki matsa kusa da kunnensa ki karanta da ƙarfi, kada ki tausasa murya.

Yusha'u, ni ne Lado. Na yi girbi.

Na sa reza na bi geron nan kunya-kunya, wanda na dasa da tsinke har idona ya yi ruwa. Na ɗaure shi dami-dami da zare, na yi rumbu da murfin kwalba na zuba. Na kankare ciyawar bakin layi. Na baza dusar katako da ƙaiƙayi, na kakkafa guntayen kara. Kuka na tsige ta tas. Tsamiya na rage mata haske, bedi na shafa mishi ƙasa. Hajo ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, duk wahalar nan?" Na ce ta ba ni toka. Malam Zubair ya cire hula ya zauna kamar an yi rasuwa.

Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba. Cikin daminar nan Inna take tahowa da fura. Jiya bayan la'asar na sa haɓata a kan ƙyauren, na duba wajen rijiya, ba kowa. Fili fetal, har Maraɗi ana hangowa.

Sannan na kwance ƙullin da ɗiyarka ta aiko. Na kashe kaifinsa da toka, na ɗiga shuɗi, na yi ta gwadawa a gefen tabarma har ya yi kalar da ka sani. Na sa wa gawo ganye reshe-reshe. Na cika shi, ya yi inuwa, inuwar ta rufe hauyarka. Na murza soson da kauri don hannu ya ji shi, tun da an ce idonka ya tafi. Ba sai ka gani ba. Ka zo ka ɗora yatsa, ka faɗa mini ko ƙarya ne. Jirgin ma na juya kansa, yana fuskantar Gangara, in ka ga dama ka kwanta ka sa kunne a kan wayar keken ka faɗa mana daga ina ya taso.

Gawon na gaskiya ma yana can da ganyensa, masu zuwa itace sun faɗa mini. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, iska ta juya, gwiwata ta fara magana. Ruwan farko na sauka zai zubar, ka sake samun wurin ɓuya. Ni kuma ban ce ina da wata shekarar a aljihu ba, kai ma ba ka da ita.

Arzika zai kwana Maraɗi ya juyo, na ce ya bar kujerar gaba ba kowa. Kada ka aiko sukari. Kada ka aiko dabino. Gaisuwarka ta ishe ni, ina da ta shekaru a ajiye ba inda zan zuba ta.

Gawo ya sa ganye, Yusha'u. Kai ka sa lokacin, ba ni ba. Za ka zo ko ba za ka zo ba? Ko wanne ne, ka buɗe baki ka amsa mini.

Yayanka,
Lado